Na je karɓo 'ya'yan ƙanwata, an ce sai an duba gidana tukuna

Maman Hanifa, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Jama'a shawara nake nema, musamman wajen wanda ya san aikin walwalar yara ko ya san shari'a, don abin nan ya hana ni barci.

Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu wajen haihuwa ita da abin da ke cikinta, ta bar yara biyu. Macen yanzu shekararta 10, namijin 6. A lokacin mun nemi uban ya ba mu su, ya ce yana raye 'ya'yansa ba za su tashi a gidan wani ba, muka haƙura. Ya ƙara aure. Bayan Babbar Sallah shi ma Allah ya karɓi abinsa a hatsarin mota a hanyar Abuja, yaran suka rage a hannun matar uba. Da ta fita takaba na je har gida na roƙe ta ta ba ni su, ta ce babu inda za su sai an raba gado. Gadon kuwa fili ne guda ɗaya da Keke Napep.

Maƙwabta ne suka ga tabon ƙuna a cinyar yaron, shatin cokali raɗau, suka kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa 'yan sanda. Daga can ma'aikatan walwala suka kwashe su biyun zuwa gidan da ake ajiye yara. Ni a waya na ji, a bakin wata maƙwabciyarsu. Da na je aka fito min da su, yarinyar ta riƙe gefen hijabina ba ta saki ba har muka gama magana, abin da kawai take maimaitawa shi ne, "Inna, yau za mu tafi?" Shi kuwa yaron ko kai bai ɗaga ba.

Na ɗauka ina cewa ni ce yayar uwarsu za a ce in kama hannunsu mu tafi. Jami'ar da ta saurare ni ba ta wulaƙanta ni ba, gaskiya, har ruwa ta sa aka kawo min. Amma ta ce sai na kawo shaidar rasuwar iyayen, da wasiƙar mai unguwarmu, da takardar likita, sai maigidana ya zo da ƙafarsa ya ce ya yarda, sannan su zo su ga gidan da idonsu, sannan maganar ta je gaban kotu. Ta tambaye ni ɗaki nawa gare mu, wa yake kwana a ina, akwai namiji baligi a gidan ban da maigida, akwai rijiya, nawa nake samu a wata. Ina amsawa zuciyata tana ƙuna. Ni da uwar yaran nan nono ɗaya muka sha, ni na yi mata wankan jego na fari.

Ga halin da nake ciki, ba zan ɓoye ba. Ciki da falo muke haya a gidan mutane da yawa, bayi biyu ne na kowa da kowa. 'Ya'yana huɗu, babban namiji ne ɗan shekara 13. Ina ɗinkin hijabai da kayan makaranta a gida, maigidana yana sayar da tumatur da albasa a Bakin Dogo. Ƙaninsa, saurayi ne, yana tuƙa Keke, a falonmu yake kwana. Rijiya tana tsakar gida, an rufe ta da tsohon kwano da dutse a kai. Mahaifiyarmu tana raye a ƙauye wajen Soba, amma ta tsufa kuma idonta ya yi rauni. Sannan jiya na ji baffan yaran da ke Zariya shi ma ya ce nasa ne, shi da bai taɓa leƙa su ba tun ranar sadakar uku.

Tambayata: wannan binciken doka ce ko ana ja min rai ne? Za a iya hana ni su don ba ni da hali? Kuma tsakanina da baffansu wa ya fi cancanta?

Hajiya Asabe, Unguwar Sarki

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan ƙanwarki da mijinta, ya raya abin da suka bari. 'Yata, na yi irin aikin matar nan har na yi ritaya, don haka ki saurare ni da kunnen basira.

Ba ja miki rai ake yi ba. Nijeriya tana da Dokar Kare Haƙƙin Yara tun 2003, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. Daga ranar da yaro ya shiga hannun hukuma, wanda ya sa hannu ya miƙa shi ga wani shi ne za a tuhuma in wani abu ya faru. Ki tuna kuma daga ina aka ɗauko yaran nan. Ba a titi aka tsince su ba, daga gidan ubansu aka ɗauko su, a hannun matar da duk unguwa ke kira uwarsu. To jami'ar da ta ga wannan tabon da idonta, ta yaya za ta miƙa su ga wata don kawai ta ce ita dangi ce? Ke kin san kanki, ita ba ta san ki ba. Kuma mutane suna zuwa da ƙarya. A 2019 aka gano yaran Kano da aka sace aka kai Anambra, an canza musu suna da addini. Tun kafin wannan ma mun sha ganin wanda zai zo da kuka ya ce ɗan ƙaninsa ne, a nemi ya faɗi sunan kakan yaron ya kasa.

A dokar tarayya, wanda zai karɓi riƙon yaro ta hannun kotu sai ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, likita ya shaida lafiyarsa ta jiki da ta ƙwaƙwalwa, ya zama mutumin kirki da aka sani, kuma yana da abin ciyar da yaron. Mai aure sai da yardar abokin zamansa, shi ya sa aka ce maigidanki ya zo. Ba a ba mutum ɗaya yara fiye da uku sai da dalili na musamman. Babu inda aka ce sai mai gidan kansa, babu inda aka ce sai mai albashi.

Bari in gaya miki abin da ni nake dubawa in na shiga gida, don ki san inda ido yake sauka. Ba na kallon kujeru. Rijiya nake fara nema, domin yaron da ya zo baƙo bai san inda ake takawa ba, 'ya'yan gida su sun saba. Kwano da dutse ba murfi ba ne, iska ɗaya ta farkon damina ta ɗauke shi. Ki samu mai walda ya yi miki murfin ƙarfe mai ƙugiyar kwado, ki yi wa maƙwabta magana ku haɗa kuɗin, ai su ma da 'ya'yansu. Daga nan sai in duba inda ake ajiye fiya-fiya da maganin ɓera da kalanzir. Kalanzir a robar lemo a ƙarƙashin gado ya kai yara asibiti ba adadi. In da janareto, a ina ake kunna shi, hayaƙin ina yake bi. In da tukunyar gas, tana ɗakin da ake kwana ko a waje. Akwai gidan sauro ko babu. Ƙofar bayi tana da sakata ta ciki? Wannan na ƙarshen mutane suna mamaki in na tambaya, amma yarinya 'yar shekara 10 a gidan haya mai samari, sakatar nan ta fi mata sabuwar katifa amfani.

Sai kuma abin da ba a rubuta shi a fom. Ina kallon 'ya'yan matar gidan. Suna makaranta ko suna talla? In uwarsu ta ɗaga hannu za ta gyara ɗankwali, suna zabura? Ina kallon fuskar maigida in an ambaci yaran, domin akwai "na yarda" ta baki, akwai ta zuciya, kuma marayu su suke biyan bambancin. In na fito sai in tsaya wajen mai shago ko wata tsohuwa a layin in yi gaisuwa mai tsawo.

Gaskiya akwai abokan aikinmu da suke auna gida da ma'aunin masu kuɗi. Su shiga su ga babu firji, babu tayil, su rubuta cewa gida bai dace ba, alhali su ma a ɗaki ɗaya uwarsu ta raine su. Wannan ban taɓa yarda da shi ba, kuma na sha yin gardama a kai. Yaro ya kwana a tabarma kusa da innarsa ya fi masa gadon ƙarfe a ɗakin yara ashirin da mai raino ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a ƙa'idojin da ta amince da su a 2009 kan yaran da ba sa hannun iyayensu ta ce talauci shi kaɗai ba hujja ba ne na raba yaro da danginsa. In aka ce miki hali ne matsalar, ki nemi a rubuta miki dalilin a takarda, ki kai wa alƙali.

Amma kada ki sa rai gwamnati za ta riƙa ba ki wani abu duk wata. Ki yi lissafinki a kan keken ɗinkinki da tumatur ɗin maigida.

Ummu Aiman, Kawo

Yaya, Allah ya ba ki su, ya ba ki ikon riƙe su. Ni 'yar riƙo ce, shi ya sa na kasa wucewa ban yi magana ba.

Ina aji uku na firamare babanmu ya rasu, aka raba mu gida-gida a ranar sadakar arba'in, ni na faɗa hannun gwaggona. Ba wanda ya duba gidanta, ai ƙanwar uba ce, wa zai ce a duba? Kuma ba zan ce muguwa ce ba. Ba ta taɓa ƙona ni ba, ba ta hana ni abinci ba. Abin da ya faru a hankali ya faru. Yau a ce ki zauna ki riƙe jariri za ta je unguwa, gobe a ce ki kai niƙa kafin ki tafi, jibi a ce tunda kin makara ki bari sai gobe. Kafin shekara ta zagayo farantin gyaɗa ne a kaina, ina wucewa ta bayan tagar ajinmu ina jin muryar 'yarta, sa'ata, tana karatu a ciki. In dangi sun zo sai a ce in sa kayan Sallah in kawo ruwa, su ce kai, yarinya ta yi ƙiba, Allah ya saka. Ba wanda ya taɓa jana gefe ya ce, ke, yaya zaman? Da an tambaye ni a gabanta ma lafiya lau zan ce.

Wata malamarmu ce ta tare ni a hanya ta sauke min farantin, ta bi ni har gida ta zauna da gwaggo. Ban san me ta faɗa mata ba, amma na koma aji, kuma matar nan ta riƙa leƙowa lokaci-lokaci har na gama. Zuwanta kawai ya isa. Gwaggo ta san akwai mai ido a kaina.

To ni ba na jin haushin masu cewa za su zo duba gida. Haushina su zo sau ɗaya su sa hannu su ɓace. Ke da kanki ki roƙe su su dawo, kuma in sun dawo ki fita tsakar gida ki bar su da yaran su kaɗai. Ba don ina zarginki ba wallahi. Yau zuciyarki cike take da tausayi, amma akwai ranar da ɗinki zai yi yawa, ƙaramin ɗanki yana kuka, ga yarinya 'yar shekara 10 mai hankali a kusa. Ranar ce abin yake farawa. Duk aikin da za ki sa ta, ki tambayi kanki ko Hanifa ma tana yin irinsa.

Kuma don Allah kada a raba su. Ni da ƙanina sai da muka girma muka san juna sosai.

Abban Yusra, ɗan Unguwar Rimi mazaunin Amurka

Hajiya Asabe ta gama magana kan gida, ni abin da na gani a nan zan ƙara, don mun riƙe ɗan 'yar uwar matata ta hannun hukuma, kuma gardamar da kuke yi an daɗe ana yinta a nan.

A Amurka in hukuma ta ɗauke yaro daga iyayensa, dokar tarayya ta 2008 ta wajabta mata ta nemi danginsa manya ta sanar da su cikin kwana 30, ta kuma yi ƙoƙarin kada a raba 'yan uwa. Wajen kashi ɗaya cikin uku na yaran da ke hannun hukuma a gidan dangi suke. Sai dai akwai abin da ake kira lasisin riƙo, kuma kuɗin da ake ba mai riƙo duk wata a kansa ya rataya. Tun 1979 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke, a wata shari'a daga jihar Illinois, cewa in dangi ya cika sharuɗɗan lasisi ba a hana shi kuɗin don kawai shi dangi ne. Matsalar ita ce sharuɗɗan an tsara su ne don baƙon da ya shirya tsaf ya zo neman yaro. Faɗin ɗaki, yawan gadaje, kuɗin shiga, awannin zaman horo. Kakar da aka buga wa waya da tsakar dare aka ce ga jikokinki, ina ta ga wannan shirin? Sai a bar mata yaran ba lasisi, ba cikakken tallafi, baƙo kuma da ya fi ta hali a ba shi. Dokar 2008 ɗin ta ce ana iya ɗage wa dangi sharaɗin da bai shafi tsaron yaro ba, amma ɗaya bayan ɗaya, in ma'aikaci ya ga dama. Sai a watan Satumba 2023 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta ba jihohi damar yi wa dangi nasu sharuɗɗan daban, kuma a biya su daidai da kowa.

Amma ki lura da abin da ba a sassauta ba. An ɗauki zanen yatsunmu ni da matata aka bincika ko mun taɓa aikata laifi. Duk baligin da ke kwana a gidan an duba sunansa a rajistar masu cin zarafin yara, har ta jihohin da ya zauna a shekara biyar da suka wuce, wannan dokar 2006 ce. Wanda aka taɓa kamawa da babban laifin cin zarafin yaro ko matarsa, ko fyaɗe, ko kisa, babu shi babu riƙo har abada, ko kakan yaron ne. Babban laifin duka ko na ƙwaya kuwa sai ya shekara biyar. Matar da ta zo gidanmu ta danna na'urar jin hayaƙi ta ji ƙararta, ta buɗe kabad ɗin magunguna, ta tambaya ko akwai bindiga, ta buɗe famfo ta gwada zafin ruwa. Bayan haka duk wata sai ta zo ta ga yaron. Na ji nauyin abin da farko, mutum da gidansa. Amma duk abin da ta taɓa abu ne da zai iya kashe yaro ko ya nakasa shi, ba ta tambayi kuɗin kujerunmu ba. Abin da nake so a riƙa rarrabewa a gida ke nan: rijiya da wanda ke kwana a falo a tsananta, faɗin ɗaki a sassauta.

Masu cewa dangi ba ya cutarwa su nemi labarin Victoria Climbié. Yarinya ce daga Kodebuwa, iyayenta suka ba wata 'yar uwar babanta ita don ta yi karatu a Turai. Ta mutu a Landan a Fabrairun 2000 tana da shekara 8, a hannun matar da saurayinta, bayan azaba mai tsawo, alhali ma'aikatan walwala da asibitoci da 'yan sanda duk sun taɓa ganinta. Binciken da aka yi a kanta ne ya kai Ingila ga sabuwar dokar yara a 2004. Iyayenta riƙo suka bayar irin wanda muke bayarwa kullum.

Maman Hanifa, Tudun Wada

Na gode, Allah ya saka da alheri. Ummu Aiman kin sa ni kuka. Na yi wa mai walda magana, maƙwabta biyu sun ce za su sa hannu. Abin da ya rage min ƙanin maigida. Yaron kirki ne, a gabana ya tashi, in na ce ya bar falo kamar na zarge shi ne, kuma uwarsu ba za ta ji daɗi ba. In na ce wa jami'ar ba ya kwana a nan fa? Sannan har yanzu ba wanda ya ce min komai kan baffansu.

Malam Sani, Badarawa

Malama, Allah ya ba ki ladan niyyarki. Annabi (SAW) ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna da yatsunsa biyu, Bukhari ya ruwaito.

Maganar baffa, abu biyu ne mutane suke cakuɗawa: renon yaro da kula da dukiyarsa. A mazhabar Malikiyya reno bayan uwa ɓangaren uwa yake fara bi, kakar yara ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Da aka yi jayayya kan 'yar Sayyidina Hamza, Annabi (SAW) ya ba da ita ga gidan Ja'afar saboda matarsa 'yar uwar mahaifiyarta ce, ya ce 'yar uwar uwa a matsayin uwa take. Renon namiji yana kaiwa har ya balaga, na mace har ta tare a gidan miji. To baffa yana bayanki nesa.

Abin da nake so ki sani shi ne binciken nan da ya ɓata miki rai ba Turawa suka fara shi ba. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, wanda alƙalanmu suke hukunci da shi, an jera sharuɗɗan mai reno: hankali, da iya ɗaukar nauyin yaro, har aka fitar da tsohuwar da ba za ta iya ba, da amana, da rashin cuta mai cutar da yaro, da kuma wurin zama mai tsaro ga yarinyar da ake ji wa tsoro. Ki duba, takardar likita ce da maganar wa ke kwana a falo, tun ƙarnuka da suka wuce. Kusanci yana sa ki gaba a layi, sharuɗɗan ne suke tabbatar miki da yaran. Mahaifiyarku tana gabanki a jere, amma in tsufa da ido sun hana ta, ta faɗa da bakinta a gaban shaidu cewa ta bar miki.

Akwai inda baffan zai iya kama ki, gara ki sani tun yanzu. Malamai sun ce macen da ke auren wanda ba muharramin yaron ba tana iya rasa haƙƙin reno, kuma mijinki ba muharramin yarinyar ba ne, haka ɗanki mai shekara 13, balle ƙanin miji. Akwai togaciya a mas'alar, alƙali ne zai duba maslahar yaran da wanda ya rage in an cire ki. Amma abin da zai ƙarfafa ki a gabansa shi ne ki nuna kin tsara makwanci. Hadisin Abu Dawud ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma, 'yan ciki ɗaya ma ke nan.

Fili da Keke kuwa, a Malikiyya waliyyin dukiyar maraya uba ne, sai wanda uba ya yi wa wasiyya, sai alƙali. Baffa ba ya zama waliyyin dukiya don kawai shi baffa ne, ke ma haka. Ku kai rabon gadon kotun shari'a, a fitar wa matar uban tumuninta, a rubuta rabon yaran, alƙali ya naɗa mai kula da shi. In ke ba ki nemi riƙe dukiyar ba, za a ga wanda yaran yake so da wanda filin yake so. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta isa gargaɗi ga kowa. Kuma su ci gaba da amsa sunan ubansu a makaranta da ko'ina, kamar yadda aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni, ki kuma bar ƙofa a buɗe dangin uban su riƙa zuwa ganinsu.

Maganar ki ce ba ya kwana a nan, kada ki fara. Ƙarya ce, kuma a kan amanar marayu.

Hajiya Asabe, Unguwar Sarki

Malam ya riga ni. Ko ba don zunubi ba, mai shagon layinku zai faɗa mata gaskiya cikin gaisuwa, daga nan duk abin da kika faɗa ya zube, har na gaskiyar.

Ba ke za ki yi wa saurayin magana ba, yayansa ne. Maigida ya zaunar da shi ya ce hukuma ce ta sa sharaɗi, kuma hakan ne. Samari nawa ne a Tudun Wada suke haɗa kuɗi su kama shago su kwana? Ya ci abincinsa a gidanku kamar kullum, kwana ne kawai zai koma waje. In ya tashi, maza su koma falo har da ƙaramin, matan su kwana ciki tare da ke, ku san yadda za ku yi da labule. In bai samu wuri ba kafin ranar zuwansu, ki faɗa mata yadda ake ciki da ranar da zai tashi, ta dawo ta gani.

Kafin nan ki riƙa zuwa ganin yaran duk ranar da aka yarda, ki sa a rubuta sunanki a littafin baƙi kowane zuwa, alƙali yana duba wannan. Ki je da maigida ko sau ɗaya, yaron ya fara sanin fuskarsa. Ki nemi kwafin rahoton likitan da ya duba ƙunar. Ki je makarantar da Hanifa take ki tambayi shugabar ko akwai gurbi, ki karɓo ko 'yar takarda ce da hatimi. In takardun haihuwarsu suna hannun matar uban kuma ta hana, kada ki tsaya rigima da ita, ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne yake bayarwa, jami'ar za ta iya rubuta miki wasiƙa ki kai can.